Fitila Ɗaya Ta Isa

Daga Anguwan Juma ta taso tun da asuba,
motar Shika ta sauke ta a bakin ƙofa,
shuɗin zare maƙale a gefen mayafinta,
hular da ba ta ƙarasa ba tana cikin jaka.
Na duba kati: Tasalla Mamuda, hamsin da uku.
Na ce ta tuɓe riga. Ta ce in dakata.

"'Yar nan, an ce wutar na'urarku
in ta shiga jiki ba ta fita.
Da wannan tsoron yayata Dudu ta zauna
har ƙullutun ya kai lemon tsami,
har ya fashe, har muka daina kallon juna in ana wanke shi.
Damina biyu ke nan da rufe ta.
Ni ko ƙaiƙayi ba na ji.
Kar in zo da lafiyata in sayi cuta da kuɗina."

Ban ce mata babu haske ba. Akwai shi.
Na nuna mata ɗan bajon da ke ƙirjina,
mai ƙirga abin da jikina ya sha a ɗakin nan,
shekara tara ina maƙala shi kamar laya.
Ba ta gamsu ba. Ta gyara ɗaurin zani.

Sai na ce, Baba, da dare da me kike ɗinki?
Ta ce da can fitila biyu take kunnawa,
ɗaya a dama, ɗaya bisa turmi,
duk da haka allura tana ɓace mata.
Da ɗanta Zubairu ya yanko mata tabarau a Sabon Gari
sai ɗaya ta isa.
"Ashe ba duhu ne ya yi yawa ba," in ji ta,
"idon ne ya gaji."

Na ce to haka faifan nan yake.
Tsohon da muka sallama ɗiban ruwa da kwando ne,
a zuba da yawa, ya riƙe kaɗan.
Wannan kuwa ba ya zubar da abin da aka ba shi,
yana tsintar haske kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
shi ya sa muka rage masa awo.
Matsin dai yana nan, ba zan ɓoye miki ba.

Ta matso.
Faifan da sanyi, na ɗumama shi da tafina.
Na ɗaga mata kafaɗa, na juya haɓarta gefe,
ƙarfe ya sauko a hankali, ta ciji leɓe.
Riƙe numfashi.
Ƙara ɗaya, gajeriya, ba ta kai atishawa ba.
Saki.
Sau huɗu muka yi. A na uku ta ambaci sunan Allah,
a na huɗu ta zagi wanda ya ƙera abin, muka yi dariya.

Hoton ya fito, ta leƙo ta bayana.
"Kai, wannan ai farin zare ne a baƙar shadda.
Wa ya yi min aikin nan a ciki ban sani ba?"

A hagu, can sama, kusa da hammata,
na ga ɗigo biyar ko shida,
ƙanana, kamar gishirin da ya zube a tabarma.
Mai yiwuwa ba komai ba ne.
Faɗa ba aikina ba ce, ta likita ce, ranar Alhamis.
Na rubuta lambar Zubairu,
na sake karanto mata ita, ta ce daidai ne.

Tana ɗaura mayafi ta tambaye ni
ko motar gari tana tsayawa a Samaru,
zarenta na ja ya ƙare.